Kukan Motar Baban Sumayya

Argungu, Litinin

Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lahiya, kai da Mansura da yara da sauran mutanen Badariya. Mu nan mun gode Allah, sai zafin bazara, sai kuma abin da ka sani. Sumayya ta ɗan yi zazzaɓi, amma ta miƙe har ta koma makaranta.

Kada ka yi mamakin ganin takarda hannun Isuwa direba alhali ina da lambarka. Na sha ɗaukar waya in kira ka, amma tun rasuwar Baban Sumayya, da na ji muryar wanda ya san shi sai kuka ya ƙwace min. Biro kuwa ko ina hawaye tafiyarsa yake yi.

Maganar motarsa ce. Tun ranar da anka kai shi makwancinsa tana nan gindin dogon yaro, kaji sun mai da ƙarƙashinta gida. Ƙanensa Abdussamadu ya murɗa makulli har ya gaji, ko tari ba ta yi ba. Ni da so na yi in bar ta haka nan, in riƙa ganinta ta taga. To sai ga saƙo daga Gulma, daga wurin Inna Ummu Hani mahaifiyarsa. Ka san idanunta sun daɗe da tafiya. Duk Juma'a in an sauko masallaci yakan je gaishe ta, kuma tun motar tana kwanar injin shinkafa take gane shi, ta ce a dama fura ɗanta ya iso. Yanzu ta aiko cewa ita ba ta ga fuskarsa ba shekara da shekaru, ba ta kuma samu taɓa gawarsa ba, kunnenta kaɗai ya san shi. Abin da take roƙo kafin tata ta zo shi ne a kawo motar ƙofar gida ta ji kukanta, ko da sau ɗaya ne.

Yaya, jikin tsohuwar nan ya yi nisa. Ni kuma na kusa fita takaba, kuma ranar da na fita, cikin wagga mota nake son in je mata. Ba zan ba baƙon hannu ita ba. Kai ne ka san ƙarfe, kai ne kuma abokin gardamarsa. Ko da yake ban manta da rediyon Kaka da ka kwance muna yara ba, wanda har ta koma ga Allah bai sake magana ba. Amma an ce yanzu ka yi hankali.

Abin hannuna ka san shi, don haka kada ka ɗora mata kayan kanti. Ka tada ta kawai.

Taubashiyarka,
Hauwa'u Kulu


Badariya, Birnin Kebbi, Alhamis

Kulu,

Wa alaikumus salam. Duk muna lahiya. Takardarki a tsaye na fara karanta ta bakin gareji, kafin in kai ƙarshe sai da na nemi benci. Allah ya jiƙan mijinki Ja'afar, ya ba Inna sauƙi. Mansura na gaishe ki, ta ce don Allah ki riƙa cin abinci. Maganar rediyon Kaka kuwa, da ma a mace na same shi, ke ce kinka kai ƙara anka zane ni a banza.

Mota ta iso jiya, wata motar albasa daga Augie ta jawo ta da igiya. Na sa mata batir na aro, na wanke fulogai, na kori ɓeran da ya tara iyali ƙarƙashin kujera. Ta tashi, amma a shaƙe, awa mai mura. Da na bi hanyar numfashinta sai na ci karo da aikin mijinki. Kulu, na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta wuce ta bar ni da hawayen.

Bari in yi miki bayani, malamar makaranta. Inji ma numfashi yake yi. Iskar da ke cikin bonet zafi gare ta, in ya shaƙe ta sai ƙarfinsa ya ragu, balle a bazararmu ga lodin shinkafa. Dabarar ita ce a jawo masa iska mai sanyi daga waje. Wata rana Ja'afar ya zo nan, na zana masa yadda ake yi a ƙasa da tsinke, ya ce ya gane sarai. Ashe da ya koma gida sai ya samo bututun famfo, ya haɗa shi da bakin kafireto da gwangwanin tumatir da ya fasa wa gindi da wuƙa, ya ɗaure da robar tiyub. Ɗaya bakin kuma ya cusa masa soson katifa, wai shi ne matatar iska. Sannan ya naɗe bututun duka da wani tsumma, wanda har yanzu ban gane amfaninsa ba. Zafi ya lanƙwasa bututun, soson ya rududduge yana bin iska cikin inji, gwangwanin kuwa duk ya lotse. Da wanga abu ya riƙa ɗaukar buhunan mutane, bai taɓa gaya min ba don ya san zan tsare shi da tsiya.

Zan yi masa abin da ya so yi bai samu ba, kuma ba da kayan kanti ba. Isaac mai kayan famfo a layinmu ya ba ni guntun bututu mai kauri da gwiwa biyu cikin ragowarsa. Matata ta gaske na samo wurin masu tsofaffin kayan mota, na wanke ta tsaf. Zan bi da bututun ta bayan fitilar gaba, sama-sama, don kada ya sha ruwa in kun shiga fadama da damina. Tsakaninsa da inji zan kafa guntun kwanon rufi ya tare zafi.

Ki kwantar da hankalinki. In na gama, Inna za ta ji mota tana kuka garau.

Yayanki,
Munzali


Argungu, Asabar

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, muna lahiya. Ina rubutun nan da sauri don Isuwa na jira a zaure.

Ka dakata da tsumman nan. Zanena ne, atamfa mai ruwan ganye da ya sayo min da na haifi Sumayya. Da ta tsufa sai ya roƙe ni ita. Cewa ya yi tunda ana naɗe tulu da jiƙaƙƙen buhu ruwa ya yi sanyi, to iska ma haka za ta yi. Na ce masa wanga hauka babu shi cikin littafin da nake koyarwa, ya ce ai littafin bai taɓa ɗauko shinkafa daga Gulma da tsakar rana ba.

Kullum da safe in zai fita, shi zai ɗaga bonet, ni kuma in zo da buta in jiƙa zanen. Na san kafin ya kai tasha ya bushe, shi ma ya sani. Amma bai taɓa fita ban jiƙa ba, ko da kuwa muna faɗa. In muna faɗa ma sai in tsiyaya har kan takalminsa, ya yi ta mita yana murmushi.

Ka gyara duk abin da ya hana ta tafiya, amma ka bar min zanen inda yake. In ya zama dole a cire, ka ajiye min komai, har gwangwanin. Ba na son a zubar da abin da hannunsa ya taɓa.

Kulu


Badariya, Lahadi

Kulu,

Ina gaishe ki, ina gaida Sumayya. Mu lahiya lau, sai dai ni ban san ta inda zan fara ba.

Takardarki ta makara. Isuwa ya wuce garinsu bikin ƙanwarsa da ita cikin aljihun riga, sai jiya ya kawo min yana ta ba da haƙuri. Kada ki ga laifinsa. Ni kuma shirun da na ji daga gare ki sai na ɗauka amincewa ce, na ci gaba da aiki.

Zanen babu shi. Na yar da shi cikin tarkacen gareji, an kuma cinna wa tarkacen wuta tun wancan mako. Gwangwanin da tsohon bututun 'yan gwangwan sun kwashe. Da na gama karanta takardarki na je na tona tokar da hannuna, yaran gareji na kallona, ban samu komai ba. Ɗan ƙyallen da za ki gani cikin ambulan a maƙale na same shi jikin waya ƙarƙashin batir. Bai kai tafin hannu ba. Ban wanke shi ba, ko za ki fi son shi yadda yake.

Wallahi da na san mene ne, da ko hannu ban kai masa ba. Ni tsumma na gani mai baƙin mai. Ki yafe min.

Aiki dai ya kammala. Na haɗa bututun da gwiwoyin, na liƙe mahaɗar da kyau yadda ko numfashin sauro ba zai shiga ta gefe ba. Na fita da ita hanyar Kalgo da tsakar rana, lokacin da motoci ke raki, ita kuwa ko gezau. Tafiya take lumui, sai ka kasa kunne kafin ka san inji na aiki. Na yi ta cewa a raina ina ma Ja'afar na gefena ya ji abin da motarsa ke iyawa.

Ki turo Abdussamadu ya ɗauka. Ki gaida min Inna in kun je, ki ce Munzali na Badariya na neman addu'a.

Munzali


Argungu, Asabar

Yaya Munzali,

Muna lahiya. Na fita takaba. Jiya Juma'a mun je Gulma, kuma zan ba ka labari daki-daki, don in ban sauke shi a kan wani ba zai kashe ni.

Motarka ta yi gudu, ban hana maka wannan ba. Abdussamadu sai yaba ka yake tun daga tasha. Ni ina baya, hannuna a kan wurin da kujerar ta yage, ina jin kamar wani abu bai cika ba, amma na ce ko rashin mai ita ne.

Mun tarar an fito da Inna bakin zaure a kan tabarma. Ta sa an yi mata wanka, an yafa mata mayafinta na Juma'a, ga ƙwaryar fura da nono a gefe ana jiran ta ce a dama. Mun sha kwanar injin shinkafa, ina kallonta tun daga nesa, kanta bai motsa ba. Munka zo munka tsaya daf da tabarmarta, inji na aiki. Sai na ji tana tambayar maƙwabciyarta wai har yanzu mutanen Argungu ba su iso ba?

Anka ce mata ai ga motar nan gabanta. Abdussamadu ya taka totur, ya sake takawa, ya danna oda. Ta karkata kai ta saurara, ta daɗe, sannan ta ce, "Wagga ba motar ɗana ta ba. Tashi hito takai in ta sha kwana, awa tana kirana."

Yaya, sai a lokacin na gane abin da bai cika ba. Motar nan fito take yi. Shekara da shekaru ina cikin wanga fito har na daina jin shi, na ɗauka haka kukan mota yake. Abdussamadu ya ɗaga bonet ya duba, ya ce lalle daga lotsattsen gwangwanin nan yake fitowa, wanda ka ga ya ɓata maka ido.

Abin da ya fi ƙona ni, ta ɗauka mun saida motar ne munka aro wata don mu rufe ta, tunda ba ta gani. Ta ce ba komai, ta san akwai marayu, amma da mun gaya mata gaskiya. Na rantse mata har na rasa da me zan rantse. Na kama hannunta na kai ta jikin ƙofar, na ɗora shi kan lotsawar da bijimin maƙwabta ya yi, na shafa mata yagaggiyar kujerar. Ta bi su da yatsu ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ta janye hannunta ta ce, "Jikin kam nata na. To shi ma ai da jikinai anka rufe shi."

Ta ce a mai da ita ɗaki. Furar nan ba a dama ta ba.

Na ce ka tada ta, ban ce ka mai da ta amarya ba. Kai kullum in ka ga abu a karkace sai hannunka ya yi ta ƙaiƙayi. Mutumin nan komai nasa a karkace yake, hularsa, rubutunsa, dariyarsa, kuma haka muke son abinmu. Ka rabu da zanen, wannan tsakanina da Allah ne. Amma tsohuwar nan abu ɗaya ta roƙa a duniya, na ɗauko na kawo maka da hannuna.

Ƙyallen na gani. Ba ni da abin cewa a kansa.

Hauwa'u


Badariya, Talata

Kulu,

Ina fatan kun tashi lahiya, da fatan ruwan da ya fara sauka bai yi muku ɓarna ba. Na aiko da gaisuwa ta bakin Isuwa ba sau ɗaya ba, ya ce kin amsa da ka kawai. Na cancanci haka.

Na sa Abdussamadu ya dawo min da motar, na san ya gaya miki. Tun daga ranar aikina ke nan, huda gwangwani. Mansura ta ce duk tumatirin gidan nan na sa an buɗe shi kafin lokacinsa, yanzu har maƙwabta ke aiko da nasu in sun gama miya. Na huda da ƙusa, na huda da wuƙa, na lotsa da guduma, ina ɗaurawa bakin kafireto ina tada inji. Wani huci yake yi, wani munshari, wani ya yi fito amma ban san ko shi ne ba. Mutanen gareji sun fara kallona da tausayi.

Matsalar ita ce ni ban taɓa jin fiton nan ba. Ja'afar bai taɓa shigowa Birnin Kebbi da ita ba, don takardunta sun daɗe da mutuwa, kullum a motar haya yake zuwa. Da anka jawo min ita kuma a shaƙe take, ba ta da numfashin yin fito. Na tambayi Abdussamadu, ya ce fito ne dai irin na fito. Wanga yaro ko kiɗa anka yi a kansa ba zai iya maimaitawa ba.

Ki zage ni in kina so, na yarda, amma ki taimake ni. Siriri ne ko mai kauri? Dogo ne ko yankewa yake? In ya taka totur yake fitowa ko in ya saki? Ko yaya ne ki kwatanta min.

Maganar Inna ta hana ni sukuni. Ba zan iya ɗaukar a ce ta tafi tana zaton kin yaudare ta ba, alhali ni ne na yi ɓarnar.

Munzali


Gulma, Lahadi

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Daga Gulma nake rubuto maka, na dawo nan jinyar Inna, Sumayya na wurin ƙanwata. Jikin ya ƙara sauka, kunu ma sai da cokali, shi ma ba ya wuce uku.

Da takardarka ta zo na ɗauki biro in kwatanta maka. Na zauna, na rufe ido, na neme shi cikin kaina na rasa. Ina ganin motar tana shigowa layi, ina ganin hannunsa a waje yana ɗaga wa mutane, amma babu sauti. Wallahi wannan ya fi rashin zanen yi min ciwo. Tsoro ya kama ni, na ce yau fito ne, gobe muryarsa zan nema in rasa. Na yi kukan da ban yi ba tun ranar da anka fita da shi.

Inna ta ji ni, don kunnenta dai ba abin da ya taɓa shi. Ta tambaye ni, na gaya mata komai, har da gwangwanayen da kake hudawa. Can sai ta ce in tada ta zaune.

Ka san Inna da fito. Yaro ya yi shi cikin gidanta sai ta buge masa baki, ta ce yana kiran iskoki. To wagga tsohuwa ce, da bakin da ba haƙori ko ɗaya, ta tattara leɓɓanta ta yi min fiton motar ɗanta. Na farko iska ce kawai ta fito. Ta huta, ta sake. Siriri ne, yana hawa sama, sai ya karye ya faɗo gida biyu. Da na ji shi na san shi ne, babu ko tantama. Na rasa harafin da zai ɗauke shi, sai na kunna wayata na roƙe ta ta ƙara. Na tura maka, ka duba wayarka. Numfashin da za ka ji tsakani nata ne.

Ta ce in gaya maka lokacin da ya saki ƙafa zai sha kwana ne yake fitowa. Ta kuma ce yanzu ta yarda ba mu saida motar ba, don wanda ya saida ba zai zauna hudar gwangwani ba.

Na yi maka zafin baki a waccan takarda. Ban janye ba tukuna, amma na ga ƙoƙarinka. Ka yi sauri, Yaya.

Kulu


Badariya, Laraba

Kulu,

Gaisuwa da fatan Inna ta samu sauƙi. Na samu.

Ashe ba huda ba ce, tsaga ce. Ina jin wuƙa ce ta zame wa Ja'afar lokacin da yake fasa gindin gwangwanin, ta tsaga gefe, leɓen ya lanƙwashe ciki. Ni ma sai da tawa ta zame, har ta yanke ni a yatsa, sannan na dace. Na bar sabon bututun da matatar yadda suke, gwangwanin kawai na sa a bakin kafireto. Zai riƙa shan 'yar ƙura ta tsagar, duk abin da na koya a sana'a ya ce kada in yi, amma ban damu ba.

Na ɗora wayar a kan bonet na kunna muryar Inna, na taka totur na saki. Isaac yana tsaye, ya ce bai san wanne ne na tsohuwar ba, wanne ne na motar. Daga nan ya juya ya koma shagonsa.

Yau ɗin nan ma zan iya tasowa, amma na ga ya fi kyau ta ji shi a lokacin da ta saba. Jibi Juma'a, in an sauko masallaci, ni da kaina zan sha kwanar injin shinkafa. Ki gaya mata. Ki kuma riƙe ƙyallen nan kusa, na bar masa wuri jikin bututun.

Yayanki,
Munzali


Gulma, Litinin

Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa gida lahiya. An ce da ka yi wa maza gaisuwa sai ka ajiye makulli hannun Abdussamadu, ka tafi bakin titi ka shiga motar haya, ba ka nemi ganina ba. Na san dalili, shi ya sa na ɗauki biro.

Takardarka ta zo ranar Laraba da yamma, na karanta wa Inna. Da na kai wurin da ka ce Juma'a, ta ce haka ya dace, ɗanta bai taɓa zuwa Laraba ba. Don haka kada ka ɗora wa kanka wannan, mu uku munka zaɓi ranar. Ta sa an jiƙa gero, ta ce a nemo nono mai kyau tun da wuri. Alhamis da hantsi ina gyara mata matashi ta cika, ba wahala. Bayan azahar anka kai ta. Na ɗauki waya in gaya maka, kukan nan ya sake ƙwace min, na ce Abdussamadu zai kira ka, shi kuma ya ɗauka na kira.

Bari in gaya maka abin da ba ka gani ba daga waje. Muna zaune tsakar gida da mata 'yan zaman makoki, an sauko masallaci, sai ga shi daga kwanar injin shinkafa. Ya hau sama, ya karye, ya faɗo gida biyu. Wata tsohuwa ta fara salati, maƙwabciyar Inna ta juya tana duban ƙofar ɗakinta.

Ni kuwa ban san lokacin da na tashi ba. Sai ganina na yi cikin zaure, ba mayafi, da buta a hannu. Ina jin tsayuwar motar, ina jin ƙarar ƙofarta, zuciyata na cewa ya dawo da wuri yau, zanen ya bushe. Ta ƙasan labulen zauren na hangi ƙafafun da sunka sauko, sai na ga ba takalminsa ba ne. A nan na durƙushe, ruwan ya ƙare a ƙasa, mata sunka zo sunka ɗauke ni.

Ka iya aikinka, Yaya. Ka samo shi daidai, ko ɗigo ba ka rage ba. Duk abin da na faɗa maka a baya na janye.

Furar da anka kawo maka a zaure, wadda anka ce ka kurɓa kaɗan ka ajiye, ita ce ta geron da Inna ta sa a jiƙa. Ni na sa a dama. Cewa ta yi a ba wanda ya iso, kuma kai ne ka iso.

Yanzu roƙo ɗaya ya rage min. Abdussamadu zai riƙa aikin shinkafa da motar don marayu, kuma ta layinmu zai riƙa bi safe da yamma. Ba zan iya ba. Ba zan iya a riƙa kirana daga bakin titi ina fitowa da buta ba. Ka zo Argungu ka cire gwangwanin da hannunka, ka mai da ita shiru yadda ka yi da farko. Kada ka yar da shi wannan karon, ka miƙo min, zan naɗe shi da ƙyallen in ajiye.

Abdussamadu ya mai da motar Argungu gindin dogon yaro, na hana kowa sake tada ta kafin ka zo. Ka gaida Mansura. Ka taho da sukundirebanka.

Taubashiyarka,
Kulu